Rijiyar Zaki, Jaba ko Mariri? A ba ni shawara kafin na biya kuɗin gida

Abban Nana: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema, wanda ya san kan abin don Allah ya taimaka. Mun daɗe muna haya a Hausawa, yanzu an raba mana gado, na haɗa da ɗan abin da na tara ina so na sayi gida na huta da ƙarin kuɗin haya duk shekara. Shagona a Kantin Kwari yake. Yara huɗu ne, babbar tana ƙaramar sakandare, autan yana goye. Dillalai sun nuna min gida uku. Na farko a Rijiyar Zaki, ciki biyu da falo, tsakar gidan ko shanya da ƙyar, amma an gama komai, tarewa kawai za a yi. Na biyu a can bayan Jaba ta hanyar Fanisau, ciki huɗu, ga fili har da inda mutum zai ɗaure tumaki, kuma shi ne mafi sauƙin kuɗi, sai dai unguwar ba ta gama cika ba. Na uku a Mariri, kusa da Danladi Nasidi, shi tsaka-tsaki ne a girma da kuɗi. Ni dai raina ya fi kwanta wa na Jaba. Me kuka gani?

Ɗan Brigade: Wa alaikumus salam. Allah ya sanya alheri Alhaji, ya sa rai aka yi wa. Jaba ai babu nisa da Kwari, kana fitowa Kwanar Jaba ka hau titin filin jirgi, sai Sabon Gari, ka iso. Ɗauki babban kawai. Yara girma suke yi, ɗaki ba ya girma.

Maman Walid: Abban Nana barka da arziki. Tambaya ɗaya zan yi, kada ka ji haushi. A cikin gidajen nan uku, wanne ka kai Maman Nana ta gani?

Abban Nana: Hajiya na nuna mata hotuna a waya, ta ce duk wanda na zaɓa ya yi.

Maman Walid: To ai haka za ta ce, kunya ce da kara. Amma ka duba lamarin. Kai ƙarfe takwas ka fice, sai bayan magariba ka dawo, ka ci tuwo ka kwanta. Barci kawai kake yi a unguwar. Ita ce za ta wuni a cikinta. Ita za ta san ko mai ruwa yana shigowa layin, ko akwai inda za a aiki yaro ya sayo magi ba tare da ya tsallaka titi ba, ko akwai injin markaɗe, ko idan zazzaɓi ya rufe yaro da tsakar rana akwai kemis kusa. Ƙanwata sabuwar unguwa aka kai ta a bayan gari, gida kamar ka yi ta kallo, amma hagu kango, dama kango, baya gona. In ya fita aiki sai ta kulle ƙofa ta zauna da waya a hannu har yamma. Ranar da naƙuda ta kama ta da rana tsaka babu matar da za ta ƙwala wa kira ta katanga, mai gadin wani gini ne ya je bakin titi ya nemo ɗan sahu. Ka sa ta a mota ka kai ta, kuma in kun je ka bar ta ta shiga maƙwabta ta gaisa da matan. Abin da za su faɗa mata a minti goma, dillali ba zai faɗa maka ba ko shekara za ku yi tare.

Injiniya: Maganar Hajiya gaskiya ce. Ni kuma ta ɓangaren aikina zan yi magana. Ranka ya daɗe, yaushe ka je ganin gidajen? In da rani ne to ba ka ga komai ba tukuna. A Kano watan Agusta ne yake tona asirin unguwa. In ba za ka iya jira damina ta kankama ba, ƙasa da bango suna da bakin magana. Ka bar kallon gidan da za ka saya, shi an yi masa kwalliya, ka kalli na maƙwabta. In ka ga kowa ya ɗaga dokin ƙofarsa da bulo biyu ko uku, har sai an yi tsalle ake shiga, ruwa ne ya koya musu. In ka ga buhunan yashi sun rube a gindin katanga, shi ne. In ka ga bango ya yi wani layi mai duhu daidai gwiwa, filasta tana bubbuɗewa tana zubar da fari kamar kanwa, danshi ne yake hawa daga ƙasa. Gidan sayarwa kuma in ka ga sabon fenti daga ƙasa zuwa ƙugu kaɗai, sama tsoho, ka tambayi me ake rufewa. Sannan ka nemi dattijon da ya fi kowa daɗewa a wurin ka tambaye shi, da can mene ne a nan? Da yawan inda ruwa ke ci yanzu a garin nan tsofaffin kududdufai ne da aka cike da shara aka yanka fulotai. Ruwa ba ya manta hanyarsa. Wanda yake son ganin abin da zaizayar ƙasa take yi wa gidaje ya je Bulbula da Gayawa ya ga ramin da ya ci unguwa.

Ɗan Brigade: Injiniya kana tsorata mutum. Duk Kano ina ne ruwa ba ya kwanciya? Ko manyan titunan cikin gari in an yi ruwan awa biyu sai ka ga motoci suna iyo.

Injiniya: Wanda ya kwanta a titi ya janye da yamma daban, wanda ya shigo ɗaki ya jiƙa katifa daban.

Baba Alhaji: Assalamu alaikum. Yara ne suka sa ni a zauren nan, ban cika magana ba, amma wannan ta shafe ni. Ɗana, Larabawa suna cewa maƙwabci kafin gida. Duk wanda ka fi so a ciki, ka je ka yi sallar asuba a masallacin layin, ka koma ka yi magariba. Ka ga sahu nawa ake yi, su wa suke zuwa, dattawa ne ko babu kowa sai almajirai da masu gadi. In an idar kada ka yi saurin tashi, ka gaisa da liman ka ce kana son zama maƙwabcinsu. Daga yadda za su karɓe ka za ka gane. Sannan ka tsaya a bakin layi tsakanin magariba da isha'i ka ga irin samarin da suke zama a majalisa, da wanda suke shiga kangwaye. Kana da 'ya mace da ta fara tasawa, ta nan za ta riƙa wucewa in an taso daga Islamiyya. Kuma ka tambayi inda maƙabartarsu take. Mutane suna jin nauyin wannan tambayar, amma akwai sababbin unguwannin da aka yanka kowane taƙi aka sayar, ba a bar wa makaranta ba, ba a bar wa mamaci ba, in an yi rasuwa sai an nemi mota an tafi wata unguwa ana roƙon wuri.

Abban Nana: Allah ya ƙara girma Baba, ya saka da alheri. Wallahi maganar maƙabarta ko a raina ba ta zo ba.

Barista: Ni kafin a kai ga asuba da magariba, wace takarda kowane gida yake da ita?

Abban Nana: Na Rijiyar Zaki akwai takardar gwamnati, na gani da idona. Na Mariri dillali ya ce gidan magada ne, takardar tana wajen babban wansu. Na Jaba awon igiya ne, akwai takardar ciniki da sa hannun mai unguwa da shaidu.

Barista: To ka ga inda sauƙin kuɗin ya fito. Bari na yi bayani yadda kowa zai amfana. Tun dokar mallakar ƙasa ta 1978, duk ƙasar da take cikin jiha tana hannun gwamna ne a matsayin amana, kuma a yankin da aka ayyana birni ne, shi kaɗai yake ba da haƙƙin mallaka. Takardar mai unguwa shaida ce cewa an yi ciniki, wane ya ba wane kuɗi a gaban su wane. Tana da amfani, ban ce a raina ta ba, amma ba ta gaya maka ko wurin yana kan hanyar da aka tsara za a fitar nan gaba, ko filin makaranta ne a taswirar gwamnati, ko an taɓa biyan diyyarsa. Ranar da KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kano, ta zo ta shafa jan fenti, mai unguwa jaje kawai zai yi maka. Mai satifiket ɗin ma kada ka tsaya a ganin ido. Ka karɓi lambar fayil ka je ma'aikatar ƙasa da safiyo, ko KANGIS, hukumar da take ajiye bayanan filaye ta jihar Kano, a bincika maka: sunan wa ke kai, an jinginar da shi a banki ko a'a, akwai bashin kuɗin ƙasa ko babu. Bayan ciniki kuma sai an nemi amincewar gwamna kafin ya koma sunanka, mutane da yawa a nan suke tsayawa, su riƙe takarda da sunan wani har su mutu su bar wa 'ya'yansu rigima. Na Mariri kuwa shi ya fi ba ni tsoro. Gidan magada ba a saye daga bakin babban wa. Ka nemi takardar rabon gado ta kotu, ka ga sunan kowa, mata da ƙananan yara da wanda yake Legas ko Saudiyya. Rabin shari'ar gida da nake gani, wata ƙanwa ce da ba a shawarta ba ta taso bayan shekaru, kuma gaskiyarta ce.

Malam na Ɗorayi: Ƙari a kan maganar Barista, a mazhabar Malikiyya wanda yake da tarayya a gidan da ba a raba ba yana da haƙƙin shuf'a. Wato in ɗaya daga cikin magada ya sayar maka da kasonsa, ɗan'uwansa yana iya mayar maka da kuɗinka ya karɓe. Don haka a tara su duka a zama ɗaya, kowa ya ce ya yarda da bakinsa.

Sarkin Dillalai: To an fara. Duk inda aka taru sai an ci naman dillali. Barista, tsakani da Allah, kashi nawa na gidajen Kano ne suke da satifiket? Ɗorayi, Sheka, Kurna, Rimin Kebe, Bachirawa, ai yawanci awon igiya ne, kuma mutane sun haifi 'ya'ya sun aurar a ciki. In kowa zai jira filin gwamnati talaka ba zai taɓa mallakar gida ba. Kuma Rijiyar Zakin da ake yabo yau, shekarun baya ba gonaki ba ne? Wanda suka yi haƙuri suka shiga lokacin ana yi musu dariya, yau su ne masu dariya. Unguwa mutane ne suke cika ta, ba daga sama take faɗowa a cike ba.

Barista: Sarki ban ce haramun ne ba. Cewa na yi ya san abin da yake saya, ya kai safiyo ya ɗauki lambobin wurin a duba a taswira, in babu matsala ya fara neman takarda tun yanzu. Kai la'adarka ranar ciniki take ƙarewa, shi kuma ranar nasa yake farawa.

Maman Walid: Sarki, wanda zai sayi fili ya ajiye shekara goma lissafinsa daban. Wannan yara huɗu zai kwasa ya kai gobe. Shekarun da za a jira unguwa ta cika, a cikinsu Nana za ta gama sakandare.

Malama Ummu Aiman: Ni malamar makaranta ce, bari na faɗi abin da nake gani kullum. Yaran da suke zuwa daga nesa an san su: su ne masu makara, su ne masu gyangyaɗi a darasi na biyu. An tashe su tun duhu, an cusa su su takwas a adaidaita sahu ɗaya, wani a kan cinyar wani, jaka a rataye a waje. Su dawo biyu ta wuce, su watsa abinci a ciki, huɗu saura su fita Islamiyya. Yaushe yaro zai yi wasa? Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 iyaye da yawa suka cire 'ya'yansu daga makarantar da suke so suka mayar da su ta kusa, don kuɗin ɗan sahu na wata ya kusa kamo kuɗin makaranta. Abban Nana ka yi wannan gwajin: daga ƙofar kowane gida, ka taka da ƙafa zuwa firamare da Islamiyya mafi kusa, ka riƙe hannun ɗanka na biyu. In akwai babban titin da za a tsallaka, ka tsaya ka ga yadda yara suke tsallakawa. A Mariri musamman ka lura da wane ɓangaren titin Maiduguri gidan yake, don hanyar manyan motoci ce, ga masu shiga kasuwar goro, ga tankokin mai da tireloli ta wajen Hotoro da bypass.

Na Mariri: Malama kada a ɓata mana unguwa. Mu fa asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano miƙaƙƙiyar hanya ce gare mu, ka bi titin Maiduguri ka wuce gadar Hotoro, sai Dangi, ka iso. Da daddare minti kaɗan ne. Wanda yake da ƙananan yara ya san darajar wannan. Kuma tun da aka yi gadojin nan cunkoson ya ragu sosai ba kamar da ba.

Ɗan Brigade: Gadojin da wa ya yi? A faɗi sunansa mana, a daina ɓoye alheri.

Jar Hula: Wanda ya fara dai shi ne gwani. Je ka titin Zariya ka ga Kwankwasiyya da Amana, ka je titin Katsina ka ga Bandirawo, unguwanni ne da aka tsara da titi da magudanar ruwa tun kafin mutum ya tare.

Shugaban Zaure: Jama'a a dawo kan gida. Duk wanda ya sake sako siyasa zan goge, kun san dokar zauren nan.

Injiniya: Bari na karɓi abu ɗaya daga maganar Jar Hula ba siyasa ba. Bambancin wurin da aka tsara da awon igiya a faɗin layi yake. Mai gona in zai yanka, kowace ƙafa kuɗi ce a wurinsa, sai ya bar lungun da mota biyu ba za su gifta ba. Yau ba za ka damu ba don babu kowa. Ranar da unguwa ta cika, kowa ya fito da dakali da soka-awe waje, motar kashe gobara ba za ta shiga ba, motar yashe masai ma sai an ja mata dogon tiyo. Sai maganar ruwa. Kada ka tambayi dillali ko akwai ruwa, ka tare ɗan garuwa ka tambaye shi daga ina yake ɗebowa, nawa ne jarka yanzu, nawa take kaiwa a watan Afrilu. Shi ne ya san gaskiya. Matatar Tamburawa da ta Watari da ta Challawa suna nan, amma bututun bai kai yawancin sababbin unguwanni ba, inda ya kai ma ba kullum yake kawowa ba, don haka rijiya da burtsatse ne abin dogaro. Ƙarƙashin Kano kuwa dutse ne, wani ya haƙa ya samu, maƙwabcinsa ya haƙa ya tashi a tutar babu. Ka tambayi masu burtsatse a layin mita nawa suka yi, kuma tana ƙafewa da bazara ko a'a. In rijiya ce a gidan, ka auna tazararta da ramin masai, naka da na maƙwabci. Masana lafiya mita 30 suke so, fuloti mai ƙafa 50 kuwa duka-duka mita 15 ne, ka ga lissafin ba ya fita. Shi ya sa taifot ba ta barin wasu gidajen.

Maman Walid: Wuta fa Injiniya?

Injiniya: Ya tambayi layin da suke kai. Tun Afrilun 2024 'yan Band A, wato rukunin farko na masu shan wuta, aka ce za a ba su awa 20 a rana, amma kuɗin ya ninka fiye da sau uku. Wani yana murna an sa shi a ciki, wani yana kuka. Abin da ya fi muhimmanci a sabuwar unguwa shi ne taransifoma: akwai, ko har yanzu karo-karo ake yi? In ana karo-karo, ka sa a lissafinka, da kuɗin turaku da waya. Kuma ka ɗaga kai sama. Babban layin wuta irin wanda yake shiga tashar Kumbotso mai ƙarfin kilovolt 330, doka ta hana gini a cikin mita 25 ta kowane gefensa. Fulotan ƙarƙashinsa kullum su ne masu araha.

Hajiya Yaya: Ni tawa daban ce. Ina iyayenka suke, ina nata suke? Mun tashi a cikin Badala, in uwa ta fita unguwa sai ta miƙa yara gidan kaka ta lungu. Yanzu an watse, wani yana Zawaciki, wani yana Gunduwawa, zumunci ya koma waya da ranar Sallah. Mai goyo da yara uku in za ta je duba mahaifiyarta sai ta hau ɗan sahu uku, to sau nawa za ta je a wata? Kai ma in aka kira ka da tsakar dare aka ce jikin Hajiya ya tashi, ka lissafa hanyar.

Abban Nana: Mahaifiyata tana Gwale, nata iyayen suna Kabuga.

Hajiya Yaya: To ai ka ba wa kanka amsa ƙanina. Daga Rijiyar Zaki titin Gwarzo ne kawai.

Ɗan Brigade: Hajiya ciki biyu fa, da yara huɗu, maza da mata. Shekara uku masu zuwa dole a raba musu makwanci. Ko a falo za a riƙa shimfiɗa wa mazan? In baƙi sun zo daga ƙauye fa? In kuma Alhaji ya yi niyyar ƙari?

Maman Walid: Kai dai Ɗan Brigade ba ka son zaman lafiya. Mutum bai gama biyan gida ba ka fara yi masa lissafin amarya.

Injiniya: Maganar ɗaki tana da gyara in harsashin ginin zai ɗauki bene, amma kada a ɗora sai an tona an duba an kuma nemi izinin gini. In da zaure ko shago a jikin gidan ma ana iya mayar wa samari.

Abban Nana: Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Ga inda aka kwana. Jiya da yamma na rufe shago da wuri na ɗauki Maman Nana muka je Jaba da Rijiyar Zaki. A Jaba ta yaba gidan, ta zaga ɗakunan, sai ta tambayi yaron da yake gadi inda ake markaɗe, ya nuna mata wani wuri can da hannu, ta yi shiru. Muna tsaye jirgi ya taso ta kanmu, autan ya fashe da kuka. A Rijiyar Zaki ta shiga gidan da yake jikin namu, na yi ta jira a mota har aka kira magariba, na bi shawarar Baba na yi salla a masallacin layin, sahu huɗu aka yi. Ta fito da labari: rijiyar layin tana ja baya da bazara amma akwai burtsatsen masallaci, Islamiyya tana bayan layi, matsalarsu ɗaya wani gidan biki da yake kusa, ranar Asabar da Lahadi kiɗa har dare. Ba ta ce min ga wanda take so ba, amma tun a hanya take lissafin inda za ta sa firji. Na Mariri na ce wa dillali a kawo takardar kotu tukuna. Yanzu kuma na Rijiyar Zaki ya kira ni wai wani Alhaji ya taya, in ba da wani abu kafin jibi ko a sayar.

Sarkin Dillalai: Wannan Alhajin mun san shi, kowane gida shi yake tayawa, har yau bai saya ba. Amma wani lokacin da gaske ne, ban ɗauke maka ba.

Barista: Kada ka ba da kafin alƙalami sai an duba fayil. In dole ne, a rubuta a takarda cewa in bincike ya nuna matsala za a dawo maka da kuɗinka cif, mai gidan da kansa ya sa hannu ba dillali ba, kuma ta banki za ka tura zuwa asusun da yake da sunan da ke kan takardar. Turo min lambar fayil ɗin ta akwatin sirri, gobe ina da shiga ma'aikatar.

Baba Alhaji: Ka koma ranar Asabar da daddare ka ji kiɗan da kunnenka kafin ka yanke.

Ɗan Brigade: To Alhaji tunda ka fasa na Jaba, nawa suka ce maka ne? Ina neman inda zan zuba kaji.